Hancin Alhaji Mamman da Fumfunar Umdurman

Tun da muka dawo daga Sudan ban ƙara yin ɗinki cikin natsuwa ba. Mutum zai shigo shagona da wando wai a rage masa ƙafa, ya zauna bisa benci ya ce, "To Shehu, yaya ƙasar Larabawa?" Na faɗa har bakina ya gaji, ran nan garin surutu na ɗora wa rigar wani bawan Allah aljihu a baya. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, mai son ji ya karanta, wanda bai iya ba ya nemi mai karanta masa, ni kuma a bar ni da kekena.

Jinya ce ta kai ni. Alhaji Mamman mai hatsi ɗan goggota ne, wato taubashina, tun muna yara ina kiransa bawana shi ma yana kirana bawansa, har yau ba a raba gardamar ba. Duk wanda ya san kasuwar hatsi ta Gummi ya san Alhaji da hancinsa yake ciniki. In aka sauke buhu daga Nasarawa Burkullu ko ƙauyukan Bukkuyum, ba ya tambayar kowa komai. Zai soka hannu har gwiwa, ya ɗebo daga tsakiya, ya kai hanci, ya ce wannan dawar ruwa ya taɓa ta a masussuka, ko wannan geron bara ne aka yi masa rufi da sabo. Mai kaya ya yi ta rantsuwa, a zazzage buhu, a tarar maganar Alhaji ce.

Bayan kaka ya fara rama, dasashinsa na jini, tafiya kaɗan sai haki. A Sakkwato aka ce sankarar jini ce. Muna da ɗan'uwa a Sudan mai suna Haruna, jikan ƙanen kakanmu wanda ya tafi hajji a ƙasa ya maƙale a can ya yi iyali. Da labari ya kai masa ta waya sai ya aiko cewa a kawo Alhaji, akwai asibitin wannan ciwo kusa da su, masauki kuma gidansa. Inna, mahaifiyar Alhaji, ita ta zaɓe ni.

"Shehu, kai za ka bi shi," in ji ta. "Ƙannenai na jin nauyinai, kai ko ba ka ji. In yaƙ ƙi magani ka zage shi. Ga amana nan, ka maido man ɗana."

Na ce to. Ban taɓa wuce Kano ba a rayuwata, amma na ce to.

Mun bar Gummi da safe a motar haya, muka sayi kujerar gaba duka don Alhaji ya miƙe ƙafa. Kafin Anka taya ta yi faci, muka zauna gindin wata tsamiya, wata Bafulatana ta dama mana fura, ta dubi Alhaji ta dubi ni, ta ƙara masa nono ba ta ƙara mini ba. Alhaji ya ce ko Fulani sun gane waye ubangida. Muka bi ta Gusau da Tsafe, muka isa Kano da la'asar sakaliya, muka sauka gidan wani abokin cinikinsa kwana uku ana neman takardar shiga da katin rigakafi.

A filin jirgi na fara jin kunya. An ce kowa ya fito da ƙarfen da ke jikinsa, na fito da mabuɗi, na wuce, na'ura ta yi kuka. Na koma na fito da zobe, ta sake kuka. Ashe almakashina ne a aljihun ciki, shekara ashirin yana nan har na manta shi ba gaɓar jikina ba ne. Ma'aikacin ya ɗaga shi sama kowa na kallo, ya ce, "Malam, matuƙin za ka yi wa ɗinki?" Haka na bar almakashin a Kano. Jirgin kuwa ba zan yi muku ƙarya ba, tun da ya tashi na rufe ido ina karanta duk abin da na haddace, Alhaji mai ciwo shi ke riƙe da hannuna.

A Khartum ma'aikacin kwastan ya buɗe jakata ya ci karo da ƙullin daddawar da Inna ta ba ni. Ya kwance, ya shinshina, ya ja da baya. Na ce yau kashina ya bushe. Sai ya kira abokin aikinsa, suka shinshina tare, suka fashe da dariya, ya dafa kafaɗata ya ƙulle mini abina da hannunsa. Daga baya Haruna ya ce su ma suna da tasu mai irin wannan wari, da ganye ake yin ta.

Haruna na jiranmu a waje, dogo, cikin farar jallabiya da rawani kamar buhun auduga a kai. Na ɗauka Balarabe ne har ya buɗe baki.

"Marhaban da mutanen gida! Kun iske mu lahiya. Ina wajen su Inna? Ya salam, Alhaji, ka sha hanya."

Hausarsa irin ta tsofaffinmu ce, wadda na rabu da ji tun rasuwar kakata, sai dai ya yayyafa mata Larabci. Bai taɓa taka Gummi ba, amma ya san sunan unguwarmu da sunan rijiyar da kakansa ya sha. Na ji ƙwalla ta zo mini, na ce hasken rana ne.

Gidansa a Umdurman yake, tsallaken kogi. Abin da na fara lura da shi gadaje ne a tsakar gida, na igiya, saboda zafi kowa a waje yake kwana, da rana a ja su inuwa. Gaisuwarsu kuma sai an dafa kafaɗa kafin a ba da hannu, kwana biyu ina miƙa hannu yana cin iska. Abincinsu na safe ba da safe ake cinsa ba. Da asuba shayi ne kawai, sai hantsi ya dubi ludayi sannan kowa ya ajiye aiki, ofis da kasuwa da asibiti, a zauna a ci wani babban wake da aka dafa ya yi lugub, a zuba masa man riɗi, a gutsuttsura burodi a ciki. Ranar farko cikina ya yi ta ƙara har Haruna ya tambaya ko lafiya. Suna da wata waina sirirya mai tsami da suke kira kisra, suna shan zoɓo da tsamiya da kuka kamar mu. Tsire kuwa agashe suke ce masa, masu yinsa duk mutanenmu ne, a nan na ɗan ɗaga kafaɗa.

Abin da ya fi burge ni shi ne bakin asibiti. Mu a gida ana zuwa dubiya a gaida mara lafiya a tafi. Su dangi kan tare ne a gindin itatuwan da ke bakin titi, da tabarmi da tulu, wasu sun zo daga garuruwa masu nisa, su yi makonni. In lokacin ci ya yi ba a tambayar waye kai. Kana wucewa za a kama hannun rigarka a ce "tafaddal", wato bismillah, in ka ƙi an yi fushi. Na ci abinci da mutanen da har muka rabu ban san sunansu ba, ba na jin yarensu, ba sa jin nawa.

Likitar da aka haɗa mu da ita mace ce, Dakta Su'ad, 'yar gajeruwa, da farin mayafi irin nasu da tabarau. Da na gan ta na ce wa Alhaji a hankali, "Wagga yarinya za ta iya?" Allah ya sa ba ta jin Hausa. Ta zaunar da mu, Haruna na fassara, ta ce maganin da za a ɗura wa Alhaji ba ya bambanta mugu da nagari, zai kashe ciwon, zai kuma kashe sojojin jini masu tsaron jiki. Bayan kowane zagaye zai yi makonni jikinsa ba mai gadi, abin da ba ya yi wa mai lafiya komai shi zai iya kayar da shi. Ta lissafa dokoki: ban da ɗanyen abu, ban da taro, ban da ƙura, in zai fita ya rufe hanci da ƙyalle. Ta sa na maimaita kamar ɗan makaranta.

Zagaye na farko ya wuce da amai da zubewar gashi. Na biyu ma haka, aka sallame mu mu huta a gidan Haruna kafin na uku. Na tsare dokokin nan sosai. Ko iska ta taso na ja shi ɗaki, masu zuwa gaisuwa na tsayar da su a ƙofa. Amma Alhaji ya daina magana. Na zage shi, bai rama ba. Na ce masa kansa ya koma kamar ƙwaryar da aka kankare, ya dube ni kawai ya juya fuska bango. Wannan ya tsorata ni fiye da aman, don tun da nake ban taɓa tsokanarsa ya yi shiru ba.

Ana nan wani maƙwabcin Haruna mai sayar da dawa ya shigo yana kuka da wasu buhuna da aka kawo masa daga gabas, masu saye na cewa da matsala, shi kuma bai ga komai ba. Ni da bakina na ce, "Ai ga sarkin hatsi nan kwance." Na ga Alhaji ya ɗago kai. Na yi tunanin dokokin likita, na ga ba ɗanye za a ci ba, ba taro, ƙura kuwa a wurina ita ce ta hanya, wadda mota ke tayarwa. Hatsi abinci ne, albarka ne, a cikinsa aka haife mu, ban taɓa kawo shi cikin abin da ke cutarwa ba.

Na ja shi muka tafi inda buhunan suke. Sito ne ƙarami mai rufin kwano, bayan gida uku. Muna shiga Alhaji ya janye ƙyallen hancinsa, don ba a shinshina hatsi ta bayan ƙyalle. Ya soka hannu a buhu na farko, ya ja numfashi, ya ce lafiya lau. Na biyu haka. A na huɗu ya ɗebo daga can ƙasa, ya shaƙa, ya sake shaƙa, ya yi atishawa.

"Wanga ya sha ruwa bisa mota, anka shanya shi bai bushe ba anka ɗure. Ku zazzage ku gani."

Aka zazzage, wani gari mai kore-kore ya tashi, ƙasan buhun duk ya dunƙule. Mai dawa ya riƙe baki, ya rungume Alhaji. A hanyar komawa Alhaji ya ce mini, "Kai bawa, tela mi yas sani ban da zare?" Ranar ya ci abinci har ya nemi ƙari. Ni kuma na kwanta ina yabon kaina.

Bayan kamar kwana goma zazzaɓi ya rufe shi. Muka koma asibiti, aka sa masa maganin ƙwayoyin cuta ta jijiya, kwana huɗu zazzaɓi bai ko gezau ba. Aka canza wani, shiru. Ya fara tari, gefen hancinsa na hagu ya kumbura, sannan wasu ƙuraje suka fito masa a ƙafa da ciki, jajaye masu baƙin tsakiya.

Dakta Su'ad ta zo da 'yar tocila. Ba ta tsaya ga takarda ba, ta duba tafin ƙafarsa, tsakanin yatsu, bayan kunne, ta leƙa cikin hancinsa ta daɗe. Da ta ɗago fuskarta ta canza. Ta jawo kujera ta zauna, ta ce a gaya mata sana'arsa. Haruna ya ce hatsi. Ta ce ta san hatsi, tana son ta ji yadda yake yin aikin, da hannu, daga safe zuwa yamma. Haruna ya kwatanta, har ya kai tafin hannu hanci. Ta tsayar da shi a nan. Ta ce yaushe rabonsa da yin haka?

Alhaji ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Hwaɗa mata ni nik kai kaina. Shehu na barci."

Na ce, "Ƙarya shikai, Haruna. Hwaɗa mata ni na ja shi."

Na zaci za ta wanke ni tas, kuma da ta yi da na ji sauƙi. Ba ta ko ɗaga murya ba. Ta ce a ɗebi ɗan nama daga hancin da ɗaya daga ƙurajen yanzu-yanzu, a ɗauki hoton ƙirji, kuma ba za ta jira sakamako ba, yau za a fara wani magani dabam.

Washegari ta aiko a kira ni, ta kai ni wani ɗaki, ta ce in sa ido a madubin da suke duba ƙananan abubuwa. Na ga wasu zare-zare masu rassa sun sarƙe. Ta ce wannan daga jikin ɗan'uwana aka ciro. Haruna ya rasa kalmar, ya yi ta lalube, can ya ce, "Hunhuna ta, Shehu. Irin wadda ka hitowa bisa tuwon da ya kwana ukku." Na ce fumfuna a jikin mutum mai rai? Ta ce ƙwayarta na cikin iska kullum, ni da ita muna shaƙa, sojojin jininmu na cinye ta ba mu sani ba. Wanda ba shi da su, sai ta tsira a hancinsa, ta bi jini, ta sauka a huhu da fata, in an yi jinkiri ta kai ido da ƙwaƙwalwa. Ta ce da yawa ba sa tashi, ba za ta ɓoye mini ba. Sannan ta ƙara da cewa mutumin da ya shekara talatin yana shaƙar hatsi, mai yiwuwa da abarsa ya zo tun daga gida, ba wanda zai iya rantsewa a siton nan ya ɗauka. Ta ce ita ma da laifinta, ta hana ƙura amma ba ta tambayi ƙurar me ya saba da ita ba. Ban taɓa jin likita ya ɗora wa kansa laifi a gaban ɗan jinya ba sai ranar. Na gode mata, amma zuciyata ba ta karɓi rangwamen ba, ni na san wanda ya ce ga sarkin hatsi nan kwance.

Maganin ruwa ne rawaya kamar garin ɗorawa, ana lulluɓe kwalbar don kada haske ya taɓa shi, yana ɗiga awa da awanni. Duk ranar da aka sa, sai sanyi ya kama Alhaji, yana karkarwa har gadon ƙarfen na ƙara, a cikin zafin Khartum. Mutanen gindin itace da suka ji labari suka aiko da barguna, na masu gida da na baƙi, muka jibga masa. Maganin na cin ƙoda, don haka kullum sai an ɗura masa ruwan gishiri kafin a sa, kullum a auna fitsarinsa, ni ne mai riƙe kwalba. Sau biyu aka shiga da shi tiyata aka kankare ruɓaɓɓen naman cikin hancin. Na biyun ranar Juma'a ce, ranar hutunsu, sai ga Dakta Su'ad da kayan gida ta zo ta tsaya a ƙofar ɗakin tiyata tare da mu har aka fito da shi. Na tuna abin da na faɗa ranar da na fara ganinta, na ji kunyar kaina.

Sati uku muna tsakanin rai da mutuwa. Kullum da safe ta zo ta zagaye ƙurajen da biro don ta ga ko sun ƙaru, ta duba takardar jini. Ta ce magani riƙe abin kawai yake yi, sojojinsa muke jira su dawo. Wata safiya ta shigo da takarda tana ɗaga ta sama tun daga ƙofa, tana faɗin wata magana da sauri. Ban jira fassara ba. Ƙurajen ba su tsallake zanen biro ba, zazzaɓi ya sauka. Da yamma Alhaji ya dube ni ta cikin bandeji ya ce, "Kai, wa yab ba bawa kujera?" Na fita waje na yi kuka, wani tsoho da ban sani ba ya miƙo mini shayi.

Mun ƙara wata biyu kafin Dakta Su'ad ta sallame mu. Ba ta ce ya warke ba, ta ce ciwon ya lafa, ta rubuta takarda mai tsawo ga likitocin gida, ta ba mu ƙwayoyin da zai ci gaba da sha. Ta ce shi da rumbu da sito da masussuka har abada. Akwai kuma abin da tiyata ta tafi da shi wanda ba zai dawo ba. Alhaji ya gano haka da kansa ranar da matar Haruna ta turara ɗaki, kowa na yabawa, shi yana ta jan hanci yana dubanmu. Sai a jirgi ya ce kada in gaya wa Inna, tsohuwa ce, abin da ta gani a fuskarsa ya ishe ta.

Mun shiga Gummi bayan azahar. Unguwa ta cika, ana ta barka, ina ta korar mutane kada su matse shi. Da muka shiga zaure sai ya tsaya, ya riƙe hannun rigata, ya bar sauran suka yi gaba. Al'adarsa ce tun yana yaro, daga zaure yake faɗin miyar da aka yi kafin ya ga tukunya, Inna kuwa ta amsa daga ciki da zagi.

"Shehu," ya ce a hankali, "mi anka dahwa?"

Na ja iska. Gidan duk ya gume.

"Miyar kuka ta, da daddawa da man shanu. Akwai kaza ciki."

Ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya ɗaga murya yadda za a ji har ƙuryar gida.

"Inna! Kuka da man shanu, har da kaza? Wa kika yi wa wanga shagali?"

Daga ciki muka ji ta: "Ja'iri! Hancin nan dai na nan. Alhamdu lillahi, ɗana ya komo."

Ya saki rigata ya shiga. Ni na daɗe a zauren kafin na iya bin bayansa.